Darasi na Tara: Ƙyanƙyashe Ƙwan Talotalo da Inji a Gida

Talotalo tsuntsu ne mai tsada, kuma tun yana ƙwai yake da tsadarsa. Asalinsa ƙasar Meziko ce. Turawan Sifaniya ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu har ya iso gidajenmu. Yanzu a garuruwa da dama na Arewa akwai masu kiwonsa don kasuwar ƙarshen shekara, lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, sa'ad da farashinsa ke tashi. Da yake yakan ɗauki wata biyar zuwa shida kafin ya kai sayarwa, mai son cin wannan kasuwa sai ya ƙyanƙyashe nasa a watan Yuni ko farkon Yuli.

Macen talotalo takan fara ƙwai tana da wata bakwai ko takwas. Idan aka bar mata ƙwan a gurbi, da ta tara goma ko goma sha biyar sai ta kwanta a kai, ta daina saka wani. Kwancin kwana 28 ne, ga kuma makonnin da za ta yi tana yawo da 'ya'ya. Amma idan ana kwashewa kullum, sai ta yi ta zubawa. Iyayenmu mata sun san wannan tuntuni, shi ya sa suke sa wa kaza ƙwan, yadda ake yi da na zabi. Dabarar tana ci har gobe. Sai dai kazar gida ƙarama ce, ba ta rufe fiye da shida ko bakwai na talotalo, kuma ba ranar da kuke so take kwanci ba. Abin da ya kawo injin ƙyanƙyasa ke nan.

Ku sani tun yanzu, inji zafi kawai yake bayarwa, wani ya haɗa da juyi. Sauran aikin uwa, na lura da iska da laima da gane ƙwan da ya lalace, ya dawo wuyanku. Takardar bayanin da ke zuwa cikin kwalin injin kuwa a Sin ko Turai aka rubuta ta, kuma wanda ya rubuta bai san hunturun Katsina ba, bai san zafin Sakkwato a watan Afrilu ba. Lambobin da ke ciki daidai ne, amma yadda ake kai wa gare su a hunturu daban, a bazara daban, a damina daban.

Ƙwan da ya cancanci shiga inji

Mace takan yi ƙwai ko da namiji ko babu, amma in ba a barbare ta ba, ƙwan na suya ne kawai. Namiji ɗaya lafiyayye ya ishi mata biyar. Ku yi hattara da manyan fararen talotalon nan na gidan gona masu faɗin ƙirji. Nauyi ya hana namijinsu hawa mace yadda ya kamata, don haka a manyan gonaki da hannu ake ɗura wa matan maniyyi. Wanda ya sayi ƙwansu a gidan da ba a yin haka, yawanci fanko ya saya. Talotalon gida, baƙi ko dabbare-dabbare, ba shi da wannan matsala, kuma da shi ya kamata mai koyo ya fara.

Ku sayi ƙwai a gidan da kuka ga tsuntsayen da idonku. Tun shekarar 2006 da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya, a Jihar Kaduna, cutar takan ɓullo lokaci zuwa lokaci, kuma talotalo ba ya jure mata. Gidan da kaji suka mutu kwanan nan, ko kyauta aka ba ku ƙwansa kada ku karɓa.

Ku zaɓi matsakaici, mai nauyin giram 70 zuwa 85, mai lafiyayyen ɓawo, ba tsaga, ba kashi a jiki. Wanda ya cika girma sau da yawa gwaiduwa biyu gare shi, ba ya ƙyanƙyasuwa. Kada a wanke ƙwan da za a sa a inji. Akwai wani siririn rufi a bayan ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa yana cire shi, ya kuma tura ƙazanta ciki ta ƙananan ƙofofin da ƙwan ke shaƙar iska da su. Ɗan datti kaɗan a goge da busasshen tsumma. Wanda kuke shakkarsa ku soya wa yara, ai ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Da wuya mai mata uku ko huɗu ya cika inji a rana ɗaya, dole sai an tara. Ka'idar ita ce kada ƙwai ya wuce kwana bakwai a ajiye, kuma a wuri mai sanyin digiri 13 zuwa 18. Ban da tsakiyar hunturu, ba mu da ɗaki mai irin wannan sanyi, firji kuma sanyinsa ya yi yawa. Idan zafin ɗaki ya haura digiri 24, ɗan tayin yakan fara girma a raunane, ya mutu tun bai ga inji ba. Don haka a bazara kada ku jira kwana bakwai. Uku ko huɗu sun isa, ko da injin bai cika ba. A jera su a kiret, tsinin yana ƙasa, a ɗakin ƙasa kusa da randa, a riƙa karkata kiret ɗin kullum, yau dama gobe hagu. A rubuta ranar da aka saka kowanne da fensir. Wanda aka ɗauko daga nesa a mota ko babur, a bar shi ya huta kwana ɗaya kafin a zuba.

Zafi

Inji iri biyu ne: mai fanka a ciki da marar fanka. Mai fanka ana saita shi a digiri 37.5, wato 37 da rabi, in allonsa yana nuna harafin C. In harafin F yake nunawa, lambar 99.5 ce. Marar fanka, irin wanda kafintoci ke haɗawa da katako da ƙwan lantarki ko fitilar kananzir, zafinsa a sama yake taruwa, don haka ana so a sami kusan 38.5 daidai saman ƙwan. Kada ku yarda da allon injin kai tsaye. Ku sayi ma'aunin zafi na asibiti a kemis, ku kunna injin babu ƙwai kwana ɗaya cur, ku gwada ku gani ko bakinsu ya zo ɗaya. Bambancin rabin digiri, a tsawon mako huɗu, ya isa ya ɓata aiki.

Abin da masu sayar da inji ba sa faɗa shi ne, injin gida yana ɗumamawa amma ba ya sanyayawa. Daga Maris zuwa Mayu, ɗaki mai rufin kwano ba silin yakan haura digiri 40 da rana tsaka. Injin zai kashe wutarsa, amma zafin ɗakin zai shiga ciki, ga kuma ƙwan su kansu suna fitar da zafi daga mako na uku. Sa'o'i kaɗan a sama da digiri 40 suna kashe ɗan tayi. Saboda haka zaɓen ɗaki ya fi zaɓen inji muhimmanci a bazara. A nemi soro ko ɗakin ƙasa mai kaurin bango, nesa da taga da hasken rana, nesa da murhu da hayaƙin janareta. In zafi ya yi tsanani a yayyafa ruwa a daɓe, a rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Wanda ba shi da irin wannan ɗaki, gara ya haƙura sai ruwa ya sauka.

Ɗaukewar wuta ita ce abin da kowa ya fi tsoro, alhali ba ta kai zafi illa ba. Uwar ma takan tashi ta je kiwo ta dawo. In an ɗauke wuta, kada a buɗe injin. A lulluɓe shi da bargo, a bar ƙofofin iska a buɗe. In abin ya daɗe, musamman da daren hunturu, a sa gorar ruwan ɗumi a ciki, nesa da ƙwan. Amma wanda zai riƙi wannan sana'a, kada ya dogara da wutar gwamnati. Ƙananan injuna da yawa suna aiki da batirin mota mai bolt 12, kuma ƙaramin faifan sola ya isa ya riƙa caja shi. A sayi batirin kafin a sayi ƙwan.

Laima

A nan yawancin masu koyo ke faɗuwa, don haka za mu ɗan daɗe.

A faffaɗan kan kowane ƙwai akwai ɗan kogon iska. Kullum ƙwan yana fitar da ruwa ta ƙofofin ɓawonsa, kogon yana ƙara girma. Da iskar wannan kogo ɗan talotalo zai yi numfashinsa na farko kafin ya huda ɓawo. In laima ta yi yawa a injin, ruwan ba zai fita ba, kogon zai zama ƙarami, ɗan ya cika ƙwan ya rasa wurin juyawa, ya shaƙe. In ta yi kaɗan, ƙwan zai bushe fiye da kima, ɗan ya fito ƙanƙane ko ya manne da fatar ciki. Abin da ake nema shi ne laima kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari daga ranar farko zuwa ta 25, sannan kashi 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe.

Takardar inji takan ce a cika farantin ruwa, shi ke nan. A hunturu, lokacin da laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20, faranti ɗaya ba ya isa, kuma yakan ƙafe cikin yini. A watan Agusta kuwa iskar ɗaki ma a jiƙe take, wanda ya cika farantin sai laima ta wuce kashi 70, ya yi asara bai san dalili ba. A tsakiyar damina ana iya yin kwanaki da ɗan ruwa kaɗan, wani lokaci ma babu ko ɗigo. Ku riƙe wannan: faɗin ruwa ne ke kawo laima, ba zurfinsa ba. In kuna son ƙari, ku ƙara faranti ko ku sa jiƙaƙƙen soso mai tsabta. In kuna son ragi, ku rufe rabin farantin. Ruwan da za a zuba ya zama mai ɗumi.

Ma'aunin laima na ƙananan injuna yakan yi ƙarya, amma sikeli ba ya yi. Ana so ƙwan talotalo ya rage kusan kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa daga ranar zubawa zuwa rana ta 25. Misali, ƙwai mai giram 80 zai rage kusan giram 10, ya dawo 70. Wato a rana ta 12 ko 13 ya kamata ya kai wajen giram 75. Ku ware ƙwai biyar, ku sa musu alama, ku auna su tare a ƙaramin sikelin kicin ranar zubawa, ku riƙa maimaitawa kowane mako. In nauyi yana zubewa da sauri, a ƙara ruwa. In ya ƙi sauka, a rage. Wanda ba shi da sikeli ya zagaye kogon iskar da fensir duk lokacin da ya haska ƙwan. Zuwa rana ta 25 ana so kogon ya ci tsakanin rubu'i da sulusin ƙwan.

Ƙofofin iska na jikin injin ba ado ba ne. Ɗan da ke cikin ƙwai yana numfashi, kuma yana ƙara girma yana ƙara buƙatar iska. Kada a toshe su don neman laima.

Juyi da haskawa

Ana juya ƙwai don kada ɗan tayi ya manne da ɓawo. In injinku mai juyi da kansa ne, ku dai riƙa leƙawa ku tabbatar yana yi. In da hannu ne, a rubuta X a gefe ɗaya, O a ɗaya gefen, a juya sau biyar a rana: asuba, hantsi, azahar, magariba da lokacin kwanciya. Uku ma ya wadatar in babu hali, amma kada ya zama biyu ko huɗu, don kada ƙwan ya riƙa kwana a gefe ɗaya kullum. A wanke hannu da sabulu a tsane shi kafin a taɓa. Hannun da ya taɓa mai ko kananzir yana toshe ƙofofin ɓawo.

A rana ta 10, da dare, a haska kowane ƙwai da tocila mai ƙarfi, ta wayar hannu ma tana yi, a ɗora ta a faffaɗan kan. Ɓawon talotalo yana da kauri da ɗigo-ɗigo, sai an kashe fitilar ɗaki ake gani da kyau. Mai rai za ku ga jajayen jijiyoyi sun bazu, da ɗan baƙin abu yana motsi. Wanda haske ya ratsa tas, babu komai a ciki. Wanda kuka ga jan zobe ya kewaye cikinsa, ya fara ya mutu. A fitar da waɗannan biyun. Baragurbi in ya daɗe a zafi yakan fashe, ya watsa wa sauran cuta, don haka duk ƙwan da ya fara wari ko tsatsafar ruwa a cire shi nan take. A sake haskawa a rana ta 18 da ta 25. A yi aikin da hanzari, kada ƙwan su huce.

Kwana ukun ƙarshe

Kwana 28 mako huɗu ne daidai, don haka lissafin ba wuya. In kun zuba ranar Juma'a, Juma'a ta huɗu za su fito, kuma Talatar da ke gabanta ita ce rana ta 25. A wannan rana a daina juyi, a cire abin juyin, a kwantar da ƙwan a kan tsumma ko buhun algarara mai tsabta, don santsi yana raba ƙafafun jariran. A ƙara ruwa, a ƙara buɗe ƙofofin iska, a sauke zafi zuwa digiri 37, a rufe injin.

Daga nan sai haƙuri. Wajen rana ta 26 ko 27 za ku fara jin kuka daga cikin ƙwai, sannan ku ga ɗan huji a ɓawo. Tsakanin hujin da fitowa yakan kai sa'a 12 zuwa 24, kuma talotalo ya fi kaza nawa. A wannan tsakanin yana janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa, jijiyoyin jini suna ƙafewa. Wanda ya ɓare masa ɓawo don tausayi, yakan tsinka jijiya ya kashe shi. Buɗe murfi ma illa ne: laima takan gudu nan da nan, musamman a hunturu, fatar ciki ta bushe ta naɗe waɗanda suka riga suka huda. A hana yara da baƙi buɗewa don kallo. Waɗanda suka fito a bar su a ciki har gashinsu ya bushe. Gwaiduwar da suka janye ta ishe su kwana guda ba ci ba sha.

Bayan sun fito

Ɗan talotalo ya fi ɗan tsako rauni, kuma makonni huɗun farko su ne masu haɗari. Tun kafin ranar fitowa a shirya musu kwali ko kewayen katako, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa, a rufe shi da tsumma a kwanakin farko don kada su ci. Suna son zafin digiri 35 zuwa 37 a makon farko, a riƙa rage kusan uku kowane mako. In da kaskon gawayi ake ɗumama su, a bar wa hayaƙi hanyar fita. Su da kansu za su nuna muku: in sun cunkushe a gindin wuta sanyi suke ji, in sun gudu gefe suna haki zafi ya yi yawa.

Ba sa saurin gane abinci da ruwa, har yunwa takan kashe wasu ga abinci a gabansu. A tsoma bakin kowanne a ruwa sa'ad da ake sauke shi, a riƙa ƙwanƙwasa farantin abinci da yatsa. Mazubin ruwa ya zama marar zurfi, a sa tsakuwa a ciki. Abincinsu na farko yana buƙatar sinadarin gina jiki kusan kashi 28 cikin ɗari, fiye da na 'yan tsaki. In ba a sami na talotalo ba, a ba su na farkon kajin nama, a ƙara da dafaffen ƙwai. Dusa da tsaki kaɗai ba sa riƙe su. Kada a sake su a inda manyan kaji ke kiwo, don tsutsar cikin kaji tana ɗauke da wata cuta mai lalata hantar talotalo, kazar kuma tana yawonta lafiya. Batun rigakafi, na cutar Niyukasil da na ƙurajen da sauro ke yaɗawa, ku tuntuɓi malamin dabbobi na yankinku. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin waɗannan magungunan rigakafi.

Ƙwan da bai fashe ba

A jira zuwa rana ta 30, sannan a kwashe ragowar a kai bayan gida a fasa su ɗaya-ɗaya. Aikin ba daɗi, amma a nan ake koyon sana'ar. In yawancinsu ba alamar jini, laifin namiji ne ko daɗewar ajiya. In 'ya'yan sun cika sun mutu a jiƙe ba su huda ba, laima ta yi yawa. In sun huda sun maƙale a busasshiyar fata, laima ta yi kaɗan a ƙarshe ko an yi ta buɗe murfi. In ƙyanƙyasar ta zo da wuri, tun rana ta 26, zafi ya yi yawa. In ta makara zuwa ta 29 ko 30, zafi bai kai ba. A rubuta abin da aka gani a littafi tare da watan da aka yi zubin. Bayan haka a wanke injin da ruwan bilic, a shanya shi ya bushe sarai kafin a sake zubawa.

Aikin aji

Ku amsa waɗannan a littattafanku.

Malama Ladi ta zuba ƙwai 30. Da ta haska ta fitar da 6 marasa komai, a ƙarshe 18 suka fito. Kashi nawa cikin ɗari na masu rai suka ƙyanƙyashe?

Malam Audu ya zuba ƙwai ranar Litinin. Wace rana zai daina juyi, wace rana kuma zai sa ran fitowa?

Ƙwai biyar sun auna giram 400 ranar zubawa. Giram nawa ya kamata su auna a rana ta 25?

Me ya sa yawan ruwan da ya dace a watan Janairu zai iya yin ɓarna a watan Agusta?

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya auna zafin ɗakin da yake niyyar ajiye inji, da ƙarfe uku na rana da kuma asuba, kwana uku a jere, ya rubuta. Mai talotalo ko zabi a gida ya zo da ƙwai biyu da tocila, za mu rufe tagogin aji mu koyi haskawa.